Daga Yasar Kwata Zuwa Zaɓen Fidda Gwani

An haife ni a 1992, a wata tsohuwar unguwa ta cikin gari a ɗaya daga jihohin arewa maso yamma. Ba zan ambaci garin ba, ba kuma zan faɗi jam'iyyar da na shiga ba, domin mutanen da labarin ya shafa suna nan da ransu, wasu ma sahu ɗaya muke sallah. Na rubuta ne saboda ƙannenmu da ke tambayata ta ina ake farawa a siyasa, da kuma inda ake karyewa.

Mahaifinmu tela ne, babu ruwansa da siyasa. Kakanmu ne ɗan NEPU na gani-kashe-ni, kuma a bakinsa na fara jin cewa Malam Aminu Kano bai wuce shekara 30 ba lokacin da aka kafa jam'iyyar a Kano a 1950, Hajiya Gambo Sawaba kuma tana 'yar shekara 17 ta shiga gwagwarmaya. Na tashi da ganin cewa harkar jama'a aikin yara masu jini a jika ne, ba sai mai furfura ba.

Matakin farko a wurinmu ƙungiyar unguwa ce. Mun fara da yasar kwata kafin damina ta sauka, sai gyaran maƙabarta, sai haɗa kuɗin likkafani idan an yi rasuwa a gidan da babu hali. Ƙungiyoyi irin wannan sun cika kowace unguwa, kuma yawancinsu ba sa kai shekara biyu. Abin da ke kashe su sananne ne. Kuɗin mako yana zama a aljihun ma'aji, ranar da aka nema sai a tarar ya ranta ya yi cefane. Ko kuma wani ɗan siyasa ya kawo rigunan ƙwallo da 'yan kuɗi ya damƙa wa mutum ɗaya a ɓoye, daga nan ƙungiya ta dare biyu. Tamu ta rayu ne saboda wani malamin firamare mai ritaya da ya tilasta mana abubuwan da a lokacin muke ganin ɓata lokaci ne: kundin tsarin mulki a rubuce ko da shafi uku ne, littafin da sakatare ke rubuta abin da aka yanke a kowane zama a karanta shi a zama na gaba, rajista a sashen ci gaban al'umma na ƙaramar hukuma, da asusun banki wanda ba a cire ko sisi sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu. Ya kuma koya mana cewa takarda ba ta tsallake mai unguwa. Daga wurinsa take zuwa ga dagaci, sannan hakimi, kuma a kowane ofis ka kai ka riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata. Ni aka ba sakatare saboda rubutuna yana karantuwa.

Zaɓen farko da na jefa ƙuri'a shi ne na Afrilun 2011. Abin da ya biyo bayansa kowa ya sani. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta sama da mutum 800 ne suka mutu cikin kwana uku a jihohin arewa 12, cikinsu har da masu yi wa ƙasa hidima da aka kai aikin zaɓe a Bauchi. Yaran da suka fita titi a garinmu sa'o'ina ne, wasu tare muka yi allo. Bayan an ɗage dokar hana fita, wasunsu suna tsare, babu wani babba da ya je belinsu. Iyayensu mata ne suka riƙa sayar da kwanukan ɗaki. Tun daga lokacin na san matashi yana da hanyoyi biyu na shiga siyasa, kuma ɗayar ba ta da tsani ko kaɗan.

A 2015 na zama ejen, wato wakilin jam'iyya a rumfar zaɓe, a akwatin unguwarmu. A nan zan ɗan daɗe, domin wannan aikin ne makarantar da ta fi kowace koya mini, kuma shi ne aka fi rainawa.

Ejen na gaskiya sai jam'iyya ta miƙa sunansa da hotonsa ga hukumar zaɓe tun kafin ranar, a ba shi katin wuya. Wanda ya zo babu kati ɗan kallo ne, jami'in tsaro na iya korarsa. Ka isa rumfa kafin malaman zaɓe su iso. Ka ga an buɗe akwati an nuna wa jama'a babu komai ciki kafin a rufe shi. Ka rubuta lambar farko da ta ƙarshe ta kowane kundin takardun ƙuri'a, saboda da yamma lissafi dole ya haɗu: waɗanda aka yi amfani da su, waɗanda suka lalace, da waɗanda suka rage su dawo daidai da abin da aka kawo. A 2015 ana fara tantancewa da na'urar karanta kati da safe, sai bayan azahar a dawo a jefa ƙuri'a, kuma mata da yawa da suka koma ɗora tukunya ba su dawo ba. Daga baya aka haɗe tantancewa da jefawa wuri guda. A 2023 na'urar BVAS ce ke duba yatsa ko fuska, ana buɗewa ƙarfe 8:30 a rufe layi 2:30, amma duk wanda yake kan layi a lokacin sai ya jefa.

Rigima tana wurin ƙirga. Ana zazzage akwati, a ware ƙuri'un kowace jam'iyya, a ƙirga da murya kowa na ji. Ƙuri'ar da tawada ta haura layi ana jayayya a kanta, kuma ejen da bai san ƙa'ida ba zai bari a jefar da tasa a ƙirga ta wani. Sai a cike takardar sakamako, wato EC8A, da lamba da kuma harafi. Ka duba biyun sun yi daidai, domin 19 tana komawa 190 da ɗigon biro ɗaya idan ba a rubuta ta da kalmomi ba. Kada ka sa hannu a takardar da ba a gama cikewa ba, komai daren da ya yi. Ka karɓi kwafinka, ka ɗauki hotonsa, ka bi sakamakon da ƙafarka zuwa wurin tattarawa na gunduma inda ake juye shi cikin takardar sakamakon gunduma, wato EC8B. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce idan ƙuri'un da aka jefa sun fi adadin mutanen da aka tantance, a soke akwatin. Saboda haka lambar da ke fuskar na'ura ita ce abu na farko da za ka rubuta kafin a fara ƙirga. Yawancin akwatunan da na ga an yi asara ba ƙwace su aka yi ba. Ejen ne ya tafi neman abinci, ko ya bi mai rabon kuɗin ejen-ejen zuwa wani gida, ya dawo ya tarar an gama. Ni da biredi da ruwa nake zuwa a leda, da tocila, da abin cajin waya.

Daga wannan matakin matasa ke rabuwa. Mafi yawa suna komawa sojojin baka, a rediyo ko a Facebook, a ba su kuɗin data da shadda a sallah. Sunansu yana zagaya gari, suna hoto da manya, amma ranar da ake yanke shawara babu wanda ke kiransu. Kaɗan ne ke gane cewa jam'iyya a gunduma take zaune. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774 da gundumomi 8,809, kuma a kowace gunduma jam'iyya tana da shugabanninta: ciyaman, sakatare, ma'aji, shugabar mata, shugaban matasa da sauransu. Ana zaɓensu ne shekara guda ko fiye kafin babban zaɓe, lokacin da hankalin kowa yana wani wuri. Galibi ma ba a jefa ƙuri'a, maslaha ake yi, a rubuta sunaye a falon wani babba a kawo a karanta. Wanda ya mallaki wannan jerin sunaye shi ya mallaki takara. Ni a lokacin ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, ina gudanar da ƙungiyarmu, ina da katin jam'iyya, amma ban taɓa riƙe muƙami a gunduma ba.

Ranar 31 ga Mayun 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya rage shekarun takara, bayan fafutukar da ƙungiyar Yiaga da wasu matasa suka yi. Shugaban ƙasa ya sauko daga 40 zuwa 35, majalisar wakilai da majalisar jiha daga 30 zuwa 25. Gwamna da sanata aka bar su a 35. A 2019 muka ga matasa 'yan shekara talatin da 'yan kai sun zama kakakin majalisa a Zamfara, Filato, Kwara da Oyo. Ba zan ɓoye ba, abin ya shige ni. Kujerar kansila ce ta dace da ni, amma a lokacin kantomomi ne ke riƙe da ƙananan hukumomi a jihohi da dama, inda kuma aka yi zaɓen, hukumar zaɓe ta jiha ce ke yi kuma jam'iyyar gwamna ce ke kwashe kusan komai. Wannan matakin na tsani a cire yake. Sai abokan ƙungiya da wasu dattawan unguwa suka ce in nemi majalisar jiha a 2022, ina da shekara 30.

Tsarin mulki abu huɗu yake nema: ka zama ɗan ƙasa, ka kai shekarun, kana da ilimin sakandare ko makamancinsa, kuma jam'iyya ta tsayar da kai. Na huɗun shi ne ƙofar, domin babu takarar ɗan-ba-ruwana a Najeriya. A shekarar, fom ɗin majalisar jiha naira miliyan 2 ne a APC, naira dubu 600 a PDP, kuma dukkansu sun yi wa matasa rangwame. Mutane suna jin wannan sai su ɗauka shi ne kuɗin takara. Fom shi ne mafi arha a cikin abin da za ka kashe. Akwai harajin da ofishin jam'iyya na jiha ke ɗorawa, akwai takardar shaidar biyan haraji, rantsuwar kotu, tafiya wurin tantancewa, fasta, hayar mota. Sannan gaisuwa. Kowace gunduma sai ka je ka zauna da shugabanninta, kuma ba a tashi daga tabarma hannu rabbana. Ka ga ciyaman na ƙaramar hukuma, ka ga shugabar mata, ka ga dattawan jam'iyya ɗaya bayan ɗaya, wanda ka tsallake ya zama abokin gaba. Dokar zaɓe ta 2022 ta ƙayyade kada ɗan takarar majalisar jiha ya kashe fiye da naira miliyan 30, wanda ni a wurina ko a mafarki ban taɓa riƙe shi ba. Na sayar da filin da na gada a bayan gari. Maiɗakina ta ba ni 'yan kunnenta na zinare ba tare da na tambaya ba. Ƙungiya ta yi karo-karo, wani ɗan kasuwa kuma ya ranta mini sauran.

Wani abu ya faru a shekarar da ya sauya lissafin kowa. Sashe na 84 na sabuwar dokar zaɓe, wadda aka sa wa hannu a Fabrairun 2022, bai ambaci daliget (wakilan da ke zaɓen ɗan takara) masu kujerar dindindin ba, wato masu muƙami na lokacin da tsofaffi, da shugabannin jam'iyya. Majalisa ta yi gaggawar gyarawa a watan Mayu, amma ba a sa hannu ba har aka gama zaɓukan fidda gwani. Sai ya zama daliget ɗin da aka zaɓa daga gunduma kaɗai ke jefa ƙuri'a, wata jam'iyyar uku daga kowace gunduma, wata biyar. Mazaɓar da ke da gunduma goma, mutum 30 ko 50 ne za su yanke wa dubban jama'a wanda zai tsaya. Da farko na yi murna, na ce mutane kaɗan sun fi sauƙin shawo kai. Ashe ƙarancinsu farashinsu ya ɗaga. Kuma sunayensu daga falon nan suka fito, inda ba ni da kowa.

Ana saura 'yan kwanaki aka kira mu zaman maslaha a gidan wani jigo. Bayan an ci an sha, ya dube ni ya ce, "Yaro, ka yi ƙoƙari, kowa ya ga ƙoƙarinka. Amma wannan karon ba naka ba ne. Ka janye wa yayanka, in an kafa gwamnati ba za a manta da kai ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen da suka haɗa mini kuɗin fom ba su san da wannan maganar ba. A ba ni dama in koma in shawarce su."

Ya yi murmushi ya ce, "Je ka shawarta."

Na shawarta. Abokaina suka ce ko ƙuri'a ɗaya za mu samu a shiga. Mahaifiyata kuwa cewa ta yi, "Kai dai ka yi abin da za ka iya kallon idon mutane gobe. Allah ya yi maka zaɓi." Na kwana ina juyi. Janyewa za ta iya dawo mini da wani abu daga kuɗin da na kashe, domin haka ake yi. Tsayawa kuwa na san ƙarshenta. Abin da ya tsayar da ni shi ne matan unguwa da suka kawo ɗari biyu-biyu daga kuɗin adashe. Ban ga yadda zan ce musu na karɓi kuɗi na sauka ba.

Daren zaɓe aka kwashe daliget zuwa wani masauki, aka karɓe wayoyinsu. Waɗanda suka yi mini alƙawari da hannu a ƙirji na kira har asuba, babu wadda ta shiga. Da safe aka kawo su a motoci, aka zaunar da su gunduma-gunduma. Ana kiran gunduma, a ba kowa takarda ya rubuta sunan ɗan takara. Wanda bai iya rubutu ba wani ke rubuta masa, kuma a ranar har malamin makaranta na gani ya ce bai iya ba, don mai rubuta masa ya shaida inda ƙuri'arsa ta tafi. Da aka ƙirga, ƙuri'una ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Wanda ke ganin an zalunce shi a zaɓen fidda gwani yana da kwana 14 kacal ya shigar da ƙara a babbar kotun tarayya. Lauyan da na gani ya tambaye ni hujja: kwafin jerin daliget mai hatimi, takardar sakamako, rahoton jami'an da suka sa ido. Sannan ya faɗi kuɗinsa. Ya kuma gaya mini gaskiya, cewa sayen daliget abu ne da kowa ya sani amma da wuya a tabbatar a gaban alƙali, tunda mai saye da mai sayarwa babu mai ba da shaida. Wasu ƙananan jam'iyyu suka yi mini tayin tikiti kusan kyauta. Na zauna da biro: mazaɓa mai akwati 200, ko naira 5,000 za a ba kowane ejen, miliyan 1 ke nan a yini ɗaya, ban da masu bin sakamako zuwa gunduma da ƙaramar hukuma. Jam'iyyar da ba ta da ejen a akwati, ko an zaɓe ta babu mai tsare mata ƙuri'a. Na bar maganar.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi tsanani a rayuwata. Mai bashi ya fara aiko yaro, daga baya ya riƙa zuwa da kansa yana sallama a ƙofar gida bayan sallar asuba, lokacin da maƙwabta ke fitowa. Makarantar da nake koyarwa ta riga ta ɗauki wani. Wayar da ba ta hutawa ta yi tsit. A majalisar mai shayi in na zo wucewa sai wani ya ɗaga murya ya ce "Honarabul!", a kwashe da dariya. Na daina fita sai masallaci, daga baya ma na koma wani masallacin nesa da gida. Barci ya ƙaurace mini, kaina yana sarawa ta ƙeya, har ranar da jiri ya kwashe ni a tsakar gida. A asibitin sha-ka-tafi na unguwa aka auna aka ce hawan jini ne, ina ɗan shekara 30. Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne. Kunya ce, musamman idan na haɗu da matan nan a hanya suka gaishe ni da fara'a kamar babu abin da ya faru. Maiɗakina ba ta taɓa tayar da maganar zinarenta ba, kuma shirun nata ya fi mini nauyi a kan faɗa. Ita ta riƙe gidan da kitso da sayar da ƙanƙara.

Zaɓen 2023 a gefe na kalle shi, cikin wahalar canjin kuɗi, mutane na kwana a layin banki. Mutum miliyan 93 da 'yan kai suka yi rajista, kusan kashi 40 cikin ɗari matasa ne 'yan 18 zuwa 34, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Wasu matasan sun ci. Rukayat Shittu ta shiga majalisar jihar Kwara tana da shekara 26, Ibrahim Bello Mohammed ya tafi majalisar wakilai daga Kebbi yana da 27. Na yi musu murna da zuciya ɗaya. Sai dai in ka bi tarihin matasan da ke cin zaɓe, za ka tarar yawanci ko gidan siyasa suka fito, ko wani mai riƙe da jam'iyya ya kama hannunsu. Dokar 2018 ta sauke shekaru, ba ta taɓa yadda ake rubuta jerin daliget ba.

Asibitin da nake zuwa awon jini shi ya dawo da ni cikin mutane. Jami'ar da ke kula da shi ta san ni tun zamanin yasar kwata. Wata rana tana kwance mini abin awo ta ce, "Malam, kwamitin ci gaban gunduma ba shi da sakatare, wanda ke yi ya bar gari. Ga ka da rubutu." Na karɓa don in sami dalilin fita daga gida.

A nan na ga wani ɓangare na mulki da ban taɓa kulawa da shi ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma wani kaso yana shiga kai tsaye asusun asibitin gunduma da aka zaɓa, duk wata uku. Lokacin da na shiga, kuɗin kusan naira dubu 300 ne. Ba a cire shi sai jami'in asibiti da shugaban kwamiti sun sa hannu tare, bisa tsarin kashewa da aka amince da shi a zama. Inda abin ke lalacewa: shugaban kwamiti dattijo ne mai kunya, a kawo masa cak babu adadi ya sa hannu. Ko a kashe kuɗin daidai amma babu rasit, sai kason gaba ya maƙale saboda ba a kai bayanin na baya ba. Muka sa doka cewa ba a sa hannu sai a zaman kwamiti, kowane rasit a manna shi a littafi a rubuta abin da aka saya a ƙasansa, lissafin wata uku kuma a kafa shi a bangon asibiti inda masu jiran awo ke zama. Da wannan ɗan kuɗin aka gyara rufin ɗakin haihuwa, aka sa fitilar sola, ungozoma ta daina karɓar haihuwa da hasken waya.

Daga nan muka koyi bin ayyukan mazaɓu. Kasafin kuɗin tarayya a buɗe yake a intanet, kuma shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT yana fitar da ayyukan kowace jiha. Kowane aiki yana da lamba, da adadin kuɗi, da hukumar da aka ba aiwatarwa, wadda sau da yawa ba ta da alaƙa da aikin. Mun tarar da rijiyar burtsatse mai sola da tanki a takarda, a ƙasa kuwa famfon tuƙa-tuƙa ne. Ba mu hau Facebook muna zagi ba. Muka ɗauki hoto, muka rubuta takarda ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, muka nemi sunan ɗan kwangila da bayanin abin da aka biya shi ya yi, muka riƙe kwafi mai hatimi, muka aika wani ga hakimi. Ba a amsa a kwana bakwai ba. Amma bayan takarda ta biyu sai ga ma'aikata da tanki a mota.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya haramta mulkin kantomomi ya kuma ce a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya sa jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe. Ban nemi komai ba, bashi bai bar ni ba. Wani ƙanenmu a ƙungiya, wanda ya yi shekaru yana riƙe da muƙamin shugaban matasa na gunduma yana share ofis yana jera kujeru, shi aka ba takarar kansila a zaman maslaha, kuma jigon nan da ya ce in janye shi ya fara ambatar sunansa. Na yi masa aikin horar da ejen-ejen, akwati bayan akwati. Yanzu yana kan kujera, kodayake yana kukan cewa kansila ba shi da abin yi sai albashi da zuwa jana'iza, tunda har yau kuɗin bai sauko yadda kotu ta ce ba.

Ni kuma da sakataren jam'iyya na gundumarmu ya rasu, aka ce in riƙe. Rajistar 'yan jam'iyya tana hannuna, ni ke rubuta abin da aka yanke, kuma ranar da za a fitar da sunayen daliget dole a kira ni ɗakin. Na sami koyarwa a wata makarantar, na biya fiye da rabin bashin, ina shan maganin hawan jini kullum da safe. 'Yan kunnen maiɗakina ban mayar ba tukuna. Ana yawan tambayata ko zan sake tsayawa, ni kuma ban yanke ba. Aikin da ke gabanmu yanzu shi ne yaran gunduma da suka cika shekara 18 ba su da katin zaɓe. Mun raba unguwanni tsakanin mutum biyu-biyu, mace da namiji saboda shiga gidaje, kowa da littafinsa yana rubuta suna da lambar waya, domin duk lokacin da rajista ke buɗe mu kai su rukuni-rukuni da safe kafin layi ya yi tsawo, sannan mu sake binsu idan katin ya fito, tunda a wurin karɓa ne aka fi barin katuna jibge a ofis.